Tafiyar Gabas da Ke Farawa Ta Yamma

Maniyyacin da ya fito daga ƙasar Azagor gabas za shi, wannan ko yaro ya sani. Amma ranar da zai bar gida kudu yake fara yi. Ya sauka Dakoro, ya bi ta Kornaka, har ya cim ma babban titin ƙasa a kusa da Maraɗi, daga nan kuma sai ya juya wa alƙibla baya ɗungurungum. Gidan Runji, Madawa, Galmi mai albasa, Birnin Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso, duk yamma ake ta nausawa, in la'asar ta yi rana na dukan idon direba. Sai ya ci kusan kilomita 800 kafin ya ga ƙofar filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai, inda galibin alhazan Nijar ke tashi. Tun daga mararrabar Maraɗi, duk kilomitar da motar ta ci ƙara nisanta shi da Makka take yi, kuma da kuɗinsa.

Sannan jirgi ya ɗaga, ya karkata hanci ya fuskanci gabas. In aka shata layi miƙaƙƙe daga Yamai zuwa Jidda, ba ta Kano yake bi ba, ba ma ta Maraɗi ba. Arewa da garin Dakoro yake ratsawa da 'yan gomiyoyin kilomita, ta sararin makiyayan nan da ke tsakanin Azagor da Gadabeji. Daga Yamai zuwa wannan wuri ta sama kilomita 500 ne da 'yan kai, tafiyar minti 40 ko makamancin haka. Da jirgin zai bi layin sak, to kafin a gama raba wa fasinja abinci Alhaji ya dawo inda ya fito, yana bisa rijiyar da ake shayar da raƙumansa, sai dai tsakaninsa da bakin rijiyar akwai iska ta kilomita 10.

Yau sanin nisan gari da gari ba wuya. Saurayin da ke da wayar shafa, in ya hau tudun da sabis ke kamawa ya rubuta sunan birni biyu, kafin ƙiftawa da bismilla an ba shi amsa. Yamai zuwa Jidda kimanin kilomita 4,000. Zuwa Madina ya ɗan haura haka. Daga Maraɗi wajen 3,500, daga Kano wajen 3,400. Sai ya sauko da murnarsa ya tarar da kakansa a gindin aduwa.

"Kaka, ashe Makkan nan tafiyar awa biyar ce kacal!"

"Awa biyar daga ina, ja'iri?"

Tambayar tsohon ta fi amsar wayar nauyi. Amma bari a fara ba lambar haƙƙinta, don ba ƙarya ta yi ba, kuma akwai ilimi mai daɗi a bayanta.

Samo duma wanda ba a fafe ba, ka ɗiga masa alama biyu da gawayi, ɗaya nan ɗaya can. Ka kama zare, ka danne bakinsa a alama ta farko, ka ja shi zuwa ta biyu har ya yi tsam. Inda zaren ya kwanta nan ne hanya mafi gajarta a bayan duman, tunda ba huda shi za ka yi ka bi ta ciki ba. Da za ka ci gaba da jan zaren har ya zagayo ya sadu da farkonsa, zai raba duman gida biyu daidai wa daida. Nisan da waya ke ba ka tsakanin birane tsawon wannan zaren ne a bayan ƙasa, ba ruwansa da tudu ko kwari, ba ruwansa da kogi ko shingen jandarma.

Ita kanta kilomitar daga jikin duniya aka yanko ta. A shekarun 1790 masanan Faransa suka ƙayyade cewa mita ita ce kashi ɗaya cikin miliyan 10 na tazarar da ke tsakanin ɗamarar duniya da ƙuryarta ta arewa. Shi ya sa kewayen duniya ya tashi wajen kilomita 40,000 cif, kamar da gangan, kuma da gangan ɗin ne. Wanda ya tashi daga Yamai ya sauka Jidda ya ci ushirin kewayen duniya ke nan. Taswirar da ke manne a bangon aji ita ce ke rikita mutane, don an baje abu mai dunƙule a kan takarda, dole wani wuri ya miƙe fiye da ƙima. A ƙasashenmu da ke kusa da ɗamarar duniya bambancin kaɗan ne. Can arewa kuwa abin har ban mamaki: jirgin da ya tashi daga Dubai za shi yammacin Amurka, arewa yake miƙewa ya bi ta saman ƙanƙarar ƙuryar duniya, mai duba taswirar bango ya rantse matuƙin ya ɓata.

Musulmi sun riga masu jirgi damuwa da wannan lissafi da ɗaruruwan shekaru, saboda alƙibla. Wajen shekarar 1025 Al-Biruni ya zauna a Gazna, cikin ƙasar Afganistan ta yau, ya rubuta littafi guda a kan yadda ake gano matsayin garuruwa da tazararsu, ya fitar da alƙiblar garin da lissafi tsantsa. Layin da mai salla ke fuskanta shi ne dai zaren nan na bayan duma. Daga ƙasar Dakoro ba gabas sak yake ba, ya karkata arewa da wajen digiri 17. Daga New York kuwa arewa maso gabas ake fuskanta, ko da yake a taswirar bango Makka na kudu da birnin.

Akwai ranaku biyu a shekara da mutumin Azagor zai iya ganin wannan layi da idonsa, ba waya ba na'ura. Ranar 27 ko 28 ga Mayu, da ƙarfe 12:18 agogon Makka, rana kan tsaya daidai bisa Ka'aba. Agogon Nijar na bayan na Saudiyya da awa biyu, wato ƙarfe 10:18 na hantsi ke nan a nan. Ka sami fili mai laushi, ka kafa sandar kiwo a tsaye ƙyam, in kana so ka tabbatar ba ta karkace ba ka rataya dutse da igiya a gefenta. Lokaci na cika sai ka ja layi a rairayi daga kan inuwar zuwa gindin sandar. Inda layin ya nuna nan Ka'aba take. Haka kuma ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, sai dai a lokacin hadari kan rufe rana, don haka ta Mayu ta fi tabbas. Wannan layin da ka ja da yatsa, in aka bi shi ba kauce, zai wuce ta arewacin Tanut, ya ratsa wajajen duwatsun Tarmit, ya shiga arewacin Cadi kusa da Faya, ya tsallake Kogin Nilu a arewacin Sudan, ya faɗa Bahar Maliya.

To, duba garuruwan nan da kyau. Wa ya taɓa bin wannan hanya da ƙafa ya kai? Hamada ce zalla, kwana da kwanaki ba rijiya. Magabatanmu da suka yi hajji a ƙasa kudu da layin suka bi, inda akwai ruwa da mutane. Daga Kano ko Damagaram a nufi Barno, a tsallaka Fort-Lamy wadda yau ake kira Injamena, a bi ta Abeshe a shiga Darfur ta Janaina, sai Fashir, sai Ubayyid, sai Khartum, daga bisani a gangara Sawakin a jira jirgin ruwa. Ba da kilomita suke ƙirga tafiyar ba, da damina suke ƙirgawa. Guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma, ko ga-ruwa, ko yankan farce, ko koyar da allo, in an tara ɗan abin hannu a ƙara gaba. Bayan an buɗe gonakin audugar Jazira a 1925 da yawa can suka yada zango suna tsintar kaɗa. Ana haihuwa a hanya, ana aure a hanya, ana binne mutane a hanya. Shi ya sa a da in mutum zai tafi sai ya biya bashi, ya bar wasiyya, ya zaga dangi gida gida a yafi juna, har yau kuma ba a bar wannan al'ada ba ko da jirgi ya mai da tafiyar ta yini guda.

Wasu ba su ƙarasa ba, ba su kuma komo ba. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Wani masani ɗan Gana, Bawa Yamba, ya zauna cikin Hausawan ƙauyukan Jazira ya tarar da jikoki da tattaɓa kunne da aka haifa a can suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanyar Makka. Daga inda suke zuwa Jidda ta sama bai kai tafiyar awa biyu ba.

Shi kuwa zagaye ta baya don a isa gaba, ba a kan mutumin Azagor aka fara ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya tashi hajji a 1921 kudu ya yi zuwa Ikko, ya shiga jirgin ruwa, ya biya ta Ingila, sannan ya gangaro Jidda. Ya ninka tazarar sau da yawa, ya kuma riga masu miƙewa gabas da ƙafa dawowa da shekaru. Jiragen sama na farko da suka sauka Kano a 1925, na sojan Ingila ne su uku da suka taso daga Masar, su ma ba layin zare suka biyo ba. Turbar alhazai suka biyo a juye, ta Khartum da Fashir da Fort-Lamy da Maiduguri, don nan ne ake da filin sauka da mai da ruwa. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila a kan wannan turba tsakanin Khartum da Kano.

Mutum zai ce ai wannan da ne, jirgin yau ba ya shan ruwan rijiya, me zai hana shi miƙewa? Abin da ya hana na ƙasa shi ke hana shi, wato halin mutanen da ke zaune a tsakani. Sama ma tana da tituna da iyakoki. Jirgi na tafiya masu kula da zirga-zirga a Yamai na magana da matuƙi har su miƙa shi ga na Injamena, su kuma su miƙa shi gaba, kowace ƙasa da izininta da kuɗin ratsa samanta. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Sudan kuwa ita ce shimfiɗe a tsakanin mu da Bahar Maliya. Dole jirage suka riƙa zagayawa, tafiya ta ƙaru, mai ya ƙaru, har kamfanonin da ke ɗaukar alhazan Najeriya suka nemi ƙarin dalar Amurka 250 a kan kowace kujera. Waya na nan tana cewa 3,400 daga Kano, ba ta ƙara ko mita ɗaya ba. Hanyar lafiya, in ji Bahaushe, a bi ta da shekara, kuma ga shi matuƙin jirgi ya yarda da maganar madugu.

A shekarar ta 2023 dai mu ma muka zama shingen wasu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, hukumomin soja suka rufe sararin samaniyar Nijar ranar 6 ga Agusta, ba a buɗe ba sai 4 ga Satumba. Ga Sudan a rufe, ga Libiya da yawancin kamfanoni ke kauce wa, ga Nijar ta bi sahu. Jiragen da ke tashi daga Landan zuwa Johannesburg, waɗanda suka saba ratsawa ta kanmu cikin dare muna barci, sai suka koma lallaɓawa ta gefen yammacin nahiyar. Bature a kujerarsa, wanda bai taɓa jin sunan Dakoro ba, ya ƙara zama a sama saboda abin da ya faru a Yamai. Daga Yamai zuwa Faris kimanin kilomita 3,950 ne, kusan daidai da zuwa Jidda, arewa sak. Da can a kwana a jirgi a wayi gari a can. Tun da jiragen Faransa suka daina sauka Yamai a 2023, mai wannan tafiya sai ya biya ta Kasabalanka ko Istanbul, ya yi zaman jira a filin jirgin wata ƙasa. Haka ta faru ga mutanen Finlan a 2022 da Rasha ta rufe musu sama: tafiyar Helsinki zuwa Tokyo da ke cin wajen awa 9 ta koma wajen 13.

Ko ba yaƙi ba rikici, iska kaɗai ta isa ta sa zuwa da dawowa su bambanta. A can sama akwai guguwa mai ɗorewa da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas bisa Tekun Atalantika, shi ya sa dawowa daga New York zuwa Landan kan gaza zuwa da kusan awa guda, alhali tazarar ɗaya ce.

Malamanmu na Malikiyya sun yanka wa matafiyi iyakar da zai fara ƙasaru: mil 48, wato kilomita 80 da ɗoriya, abin da raƙumi mai kaya ke ci a yini biyu. Jirgin alhazai na cinye wannan a cikin minti shida. Mai zaune a kujera mai laushi, ana kawo masa shayi, ya cancanci rangwamen salla tun bai gama gyara zama ba. Wanda kuwa ya taso daga rugga a arewacin Azagor zai je Dakoro, sau da yawa tafiyarsa ba ta kai ta ƙasaru ba, amma shi ne zai isa a galabaice. Ba ƙorafi nake wa fiƙihu ba, shari'a dole ta sa ma'aunin da kowa zai iya riƙewa. Ina nuna dai cewa tsawon hanya daban, wahalarta daban, kuma a ƙasarmu wahalar ta taru ne a guntun da ya fi kusa da gida.

Wanda bai taɓa shiga motar kasuwa a arewacin Dakoro ba zai ɗauka zuguguwa ce. Ba kullum ake samun motar ba, sai ranar kasuwa. Hilux ce da ta ga duniya, an ɗaure mata buhuna har sun fi kan direba tsawo, awaki a tsakiya, mutane a bisa kaya kowa ya riƙe sandar da aka soke a gefe, rawani ya rufe hanci. In an zo tudun rairayi direba ya tsaya, yaron mota ya zagaya tayoyi huɗu yana danna bakin bawul da tsinke, iska na fita tsiii, har tayar ta baje ta iya hawa yashi. In duk da haka ta kafe, sai a ji "Maza a sauka!" A tona gaban taya da shebur da hannu, a shimfiɗa rassan sabara, a tura, hayaƙi da yashi na dukan fuska. An fita a sake bin tayoyin da famfo. Ga ƙaya mai huda taya, ga injin da ke neman ruwa, ga fasinjan da za a sauke a wata rijiya can gefe. Da damina kuma wani babi ne. Kwarin Tarka da ya ratsa arewacin Dakoro in ya sha ruwa, fadamu su cika, laka ta kama, sai a zauna a jira ƙasa ta tsane. Watan hajji na ja baya da kwana 11 kowace shekara, kuma daga wajen 2016 zuwa 2024 cikin damina ko bakinta ya riƙa faɗowa, don haka maniyyatan wannan tsakani sun san abin da nake faɗa.

Kada a ce ƙauye ne kawai. A watan Agustan 2024 ambaliya ta yanke babban titin ƙasa a mashigin Yamai ta gabas, manyan motoci suka yi layi kwana da kwanaki ba shiga ba fita. A ranakun nan ya fi sauƙi mutum ya iso Yamai daga Istanbul da ya iso daga Doso.

Raƙuman dawa ma sun ɗanɗana wannan hanya. A ƙarshen 2018 aka kamo guda 8 daga wajajen Kure, kusa da Yamai, aka ɗora su a manyan motoci aka kai su gandun dajin Gadabeji, inda irinsu suka ƙare tun shekarun fari. Tafiyar ta haura kilomita 800, ta ci wajen awa 48, ana tafe a hankali saboda dogon wuya da wayoyin lantarki da ramuka. Hanyar maniyyacin Azagor ce suka biyo a juye. A cikin awannin nan jirgi zai je Jidda ya dawo sau huɗu.

Alhaji dai da niyyarsa ya fito, da guzurinsa, wahalar hanya ma lada ce a wurinsa. Wadda nake tunawa ita ce mai naƙudar da haihuwa ta gardame mata cikin dare a wani zango. A nemo amalanke ko babur, a kai ta ɗakin shan magani mafi kusa, ma'aikacin ya duba ya ce wannan sai Dakoro, a shiga neman mota da kuɗin mai. In an isa Dakoro abin ya fi ƙarfinsu a ce sai Maraɗi, wata tafiyar ta fiye da kilomita 100. A lissafa awannin tun daga lokacin da ungozoma ta ce a tashi har zuwa lokacin da aka shiga da ita ɗakin tiyata. Sau da yawa sun fi awannin da ke tsakanin Yamai da Jidda. Duk sanda na ji ana cewa zamani ya sa nesa ta zo kusa, nakan so a ƙara da cewa nesar wasu ce ta zo kusa. An gyara filin jirgin Yamai tsaf a 2019, kamfanin Summa na Turkiyya ya yi aikin gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka, kuma ya yi kyau, ba mai musu. Amma minti nawa sabon gini ya rage wa mai zuwa daga Azagor? Kilomita 30 na tsakuwa da kwalbati a inda korama ke yanke hanya za su rage masa abin da ya fi haka, sai dai irin wannan aiki ba a gayyato shugabannin ƙasashe su yanke masa ƙyalle.

Akwai kuma nisan da takarda ke haifarwa. Filin jirgin Katsina, inda alhazan jihar ke tashi, bai kai kilomita 100 daga Maraɗi ba, ta Ɗan Isa da Jibiya. Na Malam Aminu Kano ma bai kai rabin tafiyar Yamai ba, ga shi kuma ya fi kusa da Makka. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, auratayya ta ƙarni da ƙarni. Amma Saudiyya ƙasa ƙasa take raba kujeru, kusan ɗaya ga kowane Musulmi 1,000, na Nijar 15,000 da ɗoriya, kuma hukumar alhazai ta COHO ce ke tsara tafiyarsu da fasfon Nijar. Iyakar ma ba kullum take a buɗe ba. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 2023 har zuwa Maris na 2024. A watannin nan Katsina ta yi wa Maraɗi nisan da ba ta taɓa yi ba a zamanin jakuna. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo na kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi. In ya kammala, ya kuma samu iyaka a buɗe, to taswirar mutanen wannan yanki za ta sake zama, ko da ba gari ɗaya da ya gusa daga inda yake.

Sai kuɗi. Kujerar hajji a Nijar ta haura sefa miliyan 3 a shekarun nan. Makiyayi ba a banki yake ajiya ba, a garke yake ajiya, don haka kafin ya ga jirgi sai ya kora shanu ko raƙuma kasuwar Sakabal ko ta Dakoro, ya yi ciniki da dillalai, kuma farashin dabba a watan da ciyawa ta ƙare ba ɗaya yake da na bayan kaka ba. Shekarar fari Makka kan ƙara nisa. Ga hoton fasfo, ga allurar sanƙarau da ta shawara, ga zuwa birni a dawo a sake komawa don takarda ɗaya ba ta fito ba, ga kwanan jiran jirgi a Yamai a gidan ɗan'uwa ko a farfajiyar kamfanin da ya yi masa rajista. Saurayin mai waya bai sa ko ɗaya daga cikin waɗannan a awa biyar ɗinsa ba.

Can kuwa, in Alhaji ya sauka, zai ga yadda ake kashe nisa da gangan. Tsakanin Makka da Madina kilomita 450 ne, tafiyar da ayarin raƙuma ke yi a kwana goma ko fiye. Tun 2018 akwai jirgin ƙasa na Haramaini da ke gudun kilomita 300 a awa, yana haɗa biranen biyu cikin awa biyu da rabi. Daga Maraɗi zuwa Yamai, kilomita 650 da ɗoriya a kan kwalta, motar Rimbo ko wata irinta kan tashi da asuba ta isa da la'asar, in hanya ta yi kyau.

Dawowa ma haka take, sai dai yanzu da kaya. Jirgi ya sauke shi Yamai da babbar jaka, da ƙaramar jaka, da jarkar zamzam mai lita 5 a cikin kwalinta. Ya kwana, ya kama motar asuba, ya sake bin Doso da Dogon Dutsi da Ƙwanni, wannan karon rana na fitowa a gabansa. A tashar Dakoro da ke Maraɗi ɗan kamasho ya ɗaga jakar ya ajiye, ya dubi kwalin.

"Alhaji, barka da sauka, Allah ya karɓa. Amma kayan nan sai an biya musu kuɗin mutum guda."

"Haba ɗana, daga Jidda na taho da su ba wanda ya ce in ƙara ko dala."

"Ai shi jirgi ba ya hawa yashi, Alhaji."

Aka yi ta ja, waɗanda suka zo tarye suka sa baki, aka daidaita a kan rabi da ɗan dabino. Yaron mota ya hau bisa ya ɗaure jakar da igiya, kwalin zamzam kuwa Alhaji ya ce a cinyarsa zai riƙe. Direba ya leƙo ya ce saura mutum uku mota ta cika, in an samu kafin azahar za a kwana Dakoro, in ya so gobe a ga ko akwai mai shiga Azagor.